Yadda Na Sayar da Taurari a Bakin Titin Ajame

Abu na farko da Kwatano ta yi mini shi ne ta nuna mini teku. Na biyu, ta raba ni da jakata. Duka kafin azahar.

Sunana Mutari, a Birni aka haife ni, cikin Damagaram. Sau biyu ina zama jarrabawar bak ta kammala lise, wato babbar sakandare, sau biyu fizik yana kayar da ni. Bayan faɗuwa ta biyu na ce karatu ba rabona ba ne. Na ji ana cewa a Kwatano akwai aiki wurin da ake sauke motoci daga jirgin ruwa, sai na ce bari ni ma in gwada. Ban san kowa a garin ba.

Ina tsaye bakin ruwan nan, baki buɗe, ina neman ɗaya gaɓar ban gan ta ba, sai na ji murya a bayana.

"Kai ɗan Damagaram, rufe bakin, kada gishiri ya cika shi."

Hausarmu ce tsantsa. Na waiwaya na ga mutum fes, da farar riga da agogo. Ya ce sunansa Sani, ɗan Zermu ne, kuma da ganin hulata ya gane ni. Ya tambaye ni damina, ya tambaye ni gero, ya lissafo mini unguwannin Birni kamar jiya ya baro su. Ya saya mini shayi da burodi. Da na faɗa masa abin da ya kawo ni, sai ya tafa hannu.

"Ai Allah ne ya haɗa mu. Mai wurin abokina ne. Tashi mu je."

Da muka isa ƙofar wani babban fili cike da motoci, sai ya tsaya. "Ba a shiga da jaka, ƙanena. Kawo in riƙe maka. Ka shiga ka ce kana neman Shef Bazil, ka ce Sani ne ya turo ka."

Na shiga da ƙarfina. Na tambayi wannan, na tambayi wancan. Wani mai wankin mota ne ya dube ni da tausayi ya ce, "Babu Bazil a nan. Koma ƙofa da gudu." Na koma da gudun, amma ina. Tufafina, salulata, ɗan guzurina, duk sun bi Sani. Katin shaidata kaɗai ya tsira, don yana aljihu. Wallahi a ranar abin da ya fi ci mini rai kilishin da Inna ta ƙunsa mini ne, ko yanki ɗaya ban taɓa ba, ina ta tattalinsa.

Wata mai sayar da shinkafa da kifi ce ta tsince ni zaune a gefen rumfarta. Ƙatuwar mata ce, ba ta jin Hausa, Faransancinta kuma kaɗan ne. Ba ta tambaye ni komai ba. Ta zuba abinci ta ajiye a gabana, da na cinye ta nuna mini tulin kwanuka da bokitin ruwa. Shi ke nan na samu aiki. Sunan da ta sa mini "Nijar". Ina wanke-wanke da rana, ina kwana a masallacin Zango. Ni da ban taɓa cin kifin teku ba, sai ga ni na iya raba shi da ƙaya da harshe kaɗai.

A rumfarta na haɗu da wani direban kamiyo, babbar motar kaya, mutumin Madawa, ya ɗauko albasa zai kai Abijan, yaron motarsa kuma ya gudu. Ya ce ko zan bi shi. Na je na yi wa uwar ɗakina sallama da hannu. Ta ɗaure fuska, ta juya baya, sannan ta cika mini leda da soyayyen kifi, ta ɗora mini wata tsohuwar rigar mijinta a kafaɗa. Har yau ban san sunanta ba.

Hanyar ta wahalar da mu. A saman buhuna nake zama, rana ta gasa ni, ruwa ya jiƙa ni, albasa kuma ta fara ruɓewa daga ƙasa. Mun yi kwanaki a kan iyakar Togo muna jiran takardu. A Gana kuwa na zama kurma, don Turancin Ingilishi ko gaisuwa ban iya ba. Wani ɗan sanda ya tsayar da mu, ya ɗago kai yana yi mini tambayoyi, ni kuma duk abin da ya ce sai in amsa da Faransanci, "Wi, wi." Da ya gaji, sai ya ce da Hausa, "Aboki, tambayarka nake ko ka sha ruwa yau." Ashe ɗan Zangon Kumasi ne. Ya miƙo mini ruwan leda guda biyu, ya ce mu wuce.

Na shiga Abijan ina warin da ko ƙuda sai ya yi shawara kafin ya sauka a kaina. A Ajame, unguwar kasuwa da tashoshi, direban ya damƙa ni ga wani mai gasa nama, Tsalha. Da Tsalha ya ce mini shi ɗan Guna ne, kusa da gida, sai na rungume ledata a ƙirji. Ya yi ta dariya har da hawaye da na ba shi labarin Sani.

"Kwantar da hankalinka," in ji shi. "Ni ko na so gudu, tukubata ba ta gudu."

Ya kai ni ɗakinsu. Mutanen Nijar ne cunkus, kowa da tabarmarsa, babbansu kuwa wani dattijo mai gadin sito, Malam Habu, shi ne limaminmu, shi ne alƙalinmu. Nan kewar gida ta kama ni sosai. Garin ba ya bushewa. Ka shanya riga, gobe ka same ta da ɗanshi. Abinci aceke ne, wani tsakin rogo mai ɗan tsami, safe da yamma. Ina kwanciya in rufe ido in ga duwatsun Birni da yashin lungunanmu, in ji kamar ana dama fura a tsakar gida. Zafin Damagaram da nake zagi kullum, shi na riƙa marmari.

Tsalha ne ya samo mini aiki wurin wani ɗan Mali mai sayar da tsofaffin littattafai a ƙasa, bakin titi. Kowa Tonton Dirisa yake ce masa. Yana neman wanda ya iya karatun Faransanci.

"Ka yi lakwal?" ya tambaye ni, wato ko na yi makaranta.

"Har ajin ƙarshe na lise, Tonton."

"Bak fa?"

"Mun yi saɓani da shi sau biyu."

Ya yi murmushi ya ce in fara. Cikin 'yan kwanaki na gane kasuwar. Littattafan makaranta suna tafiya, na soyayya suna tafiya, na fassarar mafarki da na yadda za a yi arziki kuwa ba sa kwana. Amma a can ƙarshen shimfiɗar akwai wani tuli da Tonton yake kira maƙabarta, don abin da ya shiga nan ba ya fita. Ni aka ɗora wa kakkaɓe su.

Wata rana da tsakar rana, kasuwa ta yi sanyi, na ɗauko ɗaya daga ciki don hoton bangonsa, wani haske mai murɗewa cikin baƙi. Na buɗe, idona ya faɗa kan kalmar fizik, saura kaɗan in yar. Amma na duba ban ga lissafi ba, ko ɗaya. Magana ce kawai, kamar mutum yana hira da kai. Marubucin ya ce hasken rana sai ya yi tafiyar minti takwas da 'yan kai kafin ya iso mu, don haka ranar da kake gani ba ta yanzu ba ce, ta ɗazu ce. Ya ce akwai taurarin da haskensu ya baro su tun kafin a haifi kakan kakanka, sai yanzu ya iso. Na ɗaga kai na dubi sama, sai da idona ya yi ruwa. Na koma na ci gaba.

A lise ajinmu cike yake maƙil. Mushe, malaminmu, ya rubuta alamomi a allo, mu kwafa, mu haddace, mu manta. Ba laifinsa ba ne, lokaci ne babu. Amma ban taɓa sanin cewa alamomin nan labarin wannan saman da ke bisa kanmu suke bayarwa ba. Na gama littafin, na ɗauki wani. Ashe kusan rabin maƙabartar irinsu ne: na yadda sararin samaniya ya faro, na ƙananan ƙwayoyin da aka gina komai da su, na lokaci, na haske. Masana ne suka rubuta su don mutane irina, ba wanda ya saya.

Karatun ya kusa cin aikina. Ina cikin wani babi a kan yadda lokaci yake rage gudu kusa da abu mai tsananin nauyi, wani ya zo ya ɗauke babban ƙamus a gabana ya yi tafiyarsa. Tonton ya dawo daga masallaci ya ga gurbin.

"Mutari, na ɗauke ka ka sayar da kaya ne, ba ka cinye su ba." Bai ɗaga murya ba, shi ya sa abin ya fi tsorata ni. "Zuwa ƙarshen wata, in maƙabartar nan ba ta ragu ba, zan sayar wa masu ƙulla gyaɗa su yi ƙunshi da ita. Kai kuma ka nemi wani wurin."

Ranar Lahadi da safe muna shan shayi a ƙofar ɗaki, na kasa riƙe abin da ke cikina, na fara ba su labari. Na ce sararin samaniya ba tsaye yake ba, faɗaɗa yake yi, tarin taurari suna ta nisantar juna. Na ce su tuna ƙullin fanke in an barbaɗa masa riɗi: yana kumbura, kowace ƙwayar riɗi tana nisa da 'yar'uwarta, alhali ba wadda ta yi tafiya.

Tsalha ya ajiye kofinsa. "To, in komai faɗaɗa yake, me ya hana ɗakin nan namu? Jiya ƙafar wani a bakina ta kwana."

Aka tuntsire da dariya. Na ce abin da yake manne da juna ba ya faɗaɗa, sai tazarar da ke can nesa. Ya ce, "Ka ji. Ko a sama talaka ba ya samun fili."

Ina satar kallon Malam Habu, don tsoron kada ya ce na kawo saɓo. Ya ajiye carbi ya tambaye ni.

"Masu littattafan nan, sun ce sun san komai?"

"A'a, Malam. Cewa ma suka yi mafi yawan abin da ke cikin sararin ba su san ko mene ne ba. Suna ganin aikinsa, shi ba sa ganinsa."

"To, masu gaskiya ne," in ji shi. "Ikon Allah ya wuce nan. Zuba mini shayi ka ƙara mana."

Da na faɗa musu barazanar Tonton, Tsalha ya ce, "Kai ma dai. Ni ka taɓa ganin na kira mutum? Ƙamshi ke kira. Wannan surutun da ka cika mu da shi, shi ne ƙamshinka. Je ka yi shi a bakin titi."

Washegari na tsaya a gaban maƙabarta da littafi a hannu. Wata mata ta zo wucewa da kwando, na daure na ce, "Madam, kin san ƙarfen da ke cikin jininki a cikin tauraro aka dafa shi?" Ta dube ni sama da ƙasa, ta ƙara sauri. Na biyu ya ce mini ba ya son shiga sabon coci. Na uku ya tsaya. Da ya tsaya, wasu biyu suka tsaya su ga abin da ya tsayar da shi. Haka Ajame take.

Cikin mako na koyi sana'ar. Na ari zane wurin wata mai soya ayaba, na sa mutum huɗu su ja kusurwoyinsa, na ɗora dutse a tsakiya ya lotsa. Na gangara lemo, ya riƙa kewaya dutsen. Na ce, "Dutsen nan rana ce, lemon nan mu ne. Ba igiya ta ɗaure mu ba, wurin ne ya lanƙwashe." Wani yaron mota ya ce in sake. Wani ya tambaye ni ko littafin yana ba da lambobin caca, na ce a'a, ya ce to me amfaninsa, wata ɗaliba ta ce masa ya matsa ya ba mutane wuri. Ita ta fara saye. Kafin wata ya ƙare, Tonton da kansa ya ɗauke ragowar daga ƙasa ya jera su a kan teburi, inda ake sa masu daraja. Ya kuma fara saya mini abincin rana.

Cikin masu tsayawa akwai wata tsohuwa mai sanda da baƙin tabarau, maƙwabciyarta ke riƙo hannunta in sun zo cefane. Takan zauna a bencin Tonton ta saurara. Ba ta taɓa sayen ko ɗaya ba, amma tambayoyinta sun fi na kowa zafi. Ranar lemo ita ta ce, "To me ya sa lemonka ya faɗa kan dutsen, mu ba mu faɗa cikin rana ba?" Sai da na koma na yi karatu kafin na iya gaya mata cewa zane yana cin gudun lemo, sarari kuwa ba abin da ke cin gudunmu. Sunanta Maman Akisi.

Sai damina ta kankama. Wata safiya sama ta buɗe kamar an kifar da randa. Kafin mu gama ja leda, babbar kwatar da ke bayanmu ta cika ta yi ambaliya. Ruwa ya kai mana gwiwa, muna kamo littattafai suna suɓucewa, ina ganin dukiyar Tonton ta shekaru tana tafiya tare da shara. Waɗanda ke kan teburi kaɗai na ɗora a ka na tsira da su. Da ruwan ya janye, Tonton ya zauna a kan bencinsa ya daɗe yana kallon laka.

"Zan je gida in huta, ɗana," in ji shi. "Ba ni da abin da zan riƙe ka da shi. Waɗannan ka ɗauka, ai dama kai ka tashe su."

Bayan kwana kaɗan zazzaɓin cizon sauro ya kwantar da ni. Ban taɓa jin na yi nisa da gida irin na lokacin ba. Malam Habu ya kai ni asibiti ya tsaya a kaina, Tsalha kullum sai ya aiko mini da romo mai yaji. Da na ɗan samu ƙarfi na ari salularsa na kira Inna. Gaisuwa kawai na yi ta gane.

"Mutari, ba ka da lafiya."

"Na ji sauƙi, Inna."

"Ka dawo gida. Ba mai yi maka dariya, wanda ya yi kuma ni zai gani."

Na ce mata ta ƙara mini haƙuri. Na ajiye wayar na juya fuskata bango. Ba aiki, ba ƙarfi, dukiyata duka kwali ɗaya na littattafai masu warin ɗanshi.

Ana haka sai ga Tsalha ya shigo yana murmushi. "Tashi, malamin taurari. Wata tsohuwa ta zo tukubata tana cigiyar ɗan Nijar mai lemo. Ta hana ni ciniki."

Maman Akisi ce. Ta bi rumfa rumfa tana tambaya har aka kawo ta. Ta ce ita tsohuwar ungozoma ce a asibiti, yanar ido ta rufe mata idanu biyu, ga ta da son karatu tun tana yarinya. Tana so in riƙa zuwa gidanta a unguwar Yofugon bayan azahar ina karanta mata, za ta biya ni, zan kuma ci abinci.

"Amma ba na soyayya ba," in ji ta. "Na ga ƙarshen soyayya a ɗakin haihuwa, ya ishe ni. Na samanka nake so."

Watannin da na yi ina zuwa gidan nan su ne mafi daɗi a duk tafiyata. Mukan zauna a barandarta ƙarƙashin bishiyar mangwaro, ita a kujera, ni a kan benci. Sai dai karanta wa Maman ba hutu ba ne. Ina cikin tafiya za ta buga sanda a ƙasa.

"Tsaya. Kai ka gane abin da ka karanta?"

"Na gane, Maman."

"To rufe littafin ka faɗa mini da bakinka."

In na yi inda-inda, sai ta ce mu koma baya. Wata rana ta tsare ni a kan dalilin da ya sa guduma da gashin kaza za su faɗo tare in babu iska. Na yi bayani, ba ta gamsu ba. Na sake, ba ta gamsu ba. Haushi ya sa na je na nemo tsohon littafin fizik na lise, irin wanda ya kayar da ni, na buɗe babin. Na zauna ina kallon alamomin nan da na tsana, sai na ga labarin da nake karanta mata ne aka taƙaita cikin layi ɗaya. Na yi ihu ni kaɗai har Malam Habu ya leƙo. Tun daga ranar nake karanta littafin lise da safe, na Maman da yamma.

Inda muka fi shan dariya wurin hotuna ne, don ni ne idonta. Akwai wani babban hoto na tarin taurari masu murɗewa da take yawan cewa in koma masa. Na ce mata kamar an watsa garin gero a kan baƙin faifai aka juya shi.

"Ban san garin gero ba."

"To kamar aceke, Maman. An zubar da aceke a kan kwalta, iska ta murɗa shi."

"Kai, ɗan Nijar! Halittar Allah guda ka mayar aceke?"

'Yarta ta daɗe tana roƙonta ta yarda a yi mata aikin ido, tana ƙi. Matar da ta karɓi haihuwar rabin unguwa, ashe tsoron wuƙar likita take. Ran nan muna tsakiyar wani babi, ta buga sanda, na tsaya ina jiran tambaya. Sai ta ce, "Na gaji da aron idonka. Na gaya wa 'yata ta karɓo mini rana."

Na yi mata murna da gaske. Amma a motar komawa Ajame na san abin da hakan ke nufi: in ta gani, ba ta da bukatar mai karatu.

Aka fara da ido ɗaya. Safiyar da za a cire bandejin ta ce lalle in zo, in kuma taho da littafin. Likita ya ɗaye a hankali. Ta ƙifta, ta ƙifta, ta dubi 'yarta ta shafa mata fuska. Sannan ta juyo gare ni.

"Wane ne wannan?"

"Ni ne, Maman."

"Kai ne Mutari? Duk muryar nan daga wannan tsinken take fita? Ina abincin da nake ba ka yake tafiya?"

Har likitan sai da ya dara. Ta miƙo hannu na ba ta littafin, na buɗe mata shafin. Rubutu bai fito mata ba tukuna, sai an ba ta tabarau, amma hoton babba ne. Ta riƙe shi tana kallo. Hawaye ya gangaro daga idon da aka yi wa aiki, likita ya ce kada ta murza.

"Aceke," ta ce a hankali. "Allah ya shirye ka, ɗana."

Da ta samu tabarau, ba ta yi wata-wata ba ta sallame ni. Ta ce aikina ya ƙare, ta zaɓi littattafai uku ta riƙe, ta ce sauran in tafi da su gida in sake zama bak.

"Sau biyu fa na faɗi, Maman."

"Na sha karɓar haihuwar da ta ƙi zuwa da wuri. Ba a tashi a bar ta, zama ake yi."

Ita ta saya mini tikitin mota. Tsalha ya ƙunsa mini nama, ya ce in ci tun a hanya kada in yi tattali. Malam Habu ya yi mini addu'a mai tsawo, sannan ya raɗa mini cewa in na samu labarin abin nan da masana ba sa gani, in aiko masa.

Na iso Damagaram da kwali ɗaya a ka. Inna ba ta dubi kwalin ba, wuyana ta duba, ta shiga dama fura. Na yi rajista cikin masu zama jarrabawa daga gida, na yi watanni ina fama da lissafi a zauren gidanmu. Ranar sakamako muka cika filin lise ana kiran sunaye da lasifika. Da aka kira nawa ban motsa ba, sai da wani ya dunguri kafaɗata. Kafin in iso Birni labari ya riga ni, tun daga bakin lungu nake jin guɗar Inna.

Na samu inuwar katanga na kira Abijan.

"Maman, na samu!"

"Madalla. Ai na sani," in ji ta, kamar na ce mata gari ya waye. "Yanzu saurara, tun jiya nake nemanka. Na kai wurin baƙin ramin nan da ko haske ba ya kuɓuce masa. In mutum ya nufe shi, mu da ke nesa me za mu gani?"

Mutane suna ta shiga gidanmu yi wa Inna barka, ni kuwa ina tsaye a rana rabi inuwa rabi, ina yi mata bayanin yadda za mu ga tafiyarsa tana ta rage sauri, haskensa yana ja yana dushewa, yana kusantar bakin ramin amma ba za mu taɓa ganin ya shiga ba. Ina tsakiyar magana kuɗin wayata suka ƙare, layi ya yanke.

Ban kai ga sa salular a aljihu ba ta yi ƙara.

"Ka bar bawan Allah a bakin rami," in ji Maman Akisi. "Ƙarasa."